Wane littafin Hausa ya dace in fara karanta wa mahaifiyata?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu sha'awar karatu. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya shafe ni da mahaifiyata, kuma zan ɗan tsawaita bayani domin ku gane irin littafin da nake nema.

Ni dai lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, na yi tun daga ƙaramin aji har lise (babbar sakandare), saboda haka kusan duk abin da na karanta a rayuwata da Faransanci na karanta shi. Na san Camara Laye da Mariama Bâ da Ahmadou Kourouma kamar yadda duk wanda ya zauna a benci ɗaya da ni ya san su, amma abin kunya shi ne ban taɓa kai ƙarshen littafin Hausa ko guda ɗaya ba. Tun bayan rasuwar mahaifinmu bara na ɗauki al'adar zama wurin Inna bayan sallar isha'i, domin ganinta ya yi rauni, rediyon ma ta fara gajiya da shi. Wani dare na ɗauko wani littafin Faransanci da nake so ƙwarai, ina karantawa a zuci ina juya mata da Hausa, amma ba mu ci shafi uku ba ta ce in bari, wai maganar tawa ba ta da gishiri, sai ka ce abincin da aka dafa wa majinyaci.

Abin da nake so ku nuna mini shi ne littafin da aka rubuta da Hausa tun asali, wanda idan an karanta shi a fili tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta ji daɗinsa. Akwai sharaɗi guda: ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta kamawa, saboda haka ba na son labarin da zai kai ni inda zan rasa bakin karanta mata. Da wa zan fara, kuma su wane ne marubutan da kuka fi so ku da kanku?

Tsohon Mushe (malamin lakwal), unguwar Mokoyo a Maraɗi, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifinka. Na yi shekaru ina koyar da Faransanci kafin in ajiye alli, kuma ina gaya maka cewa Innarka ta fi mu gane adabi, domin ma'aunin da ta auna ka da shi, wato kunne, shi ne ma'aunin gaskiya na littafin Hausa.

Ka fara da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, kada ka yi wani dogon tunani. Littafi uku ne, sun fito tsakanin 1937 da 1939, kuma ginin nasu kamar don halin da kake ciki aka yi shi. A na farko, sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, mugun waziri yana ƙulla masa makirci, shi kuma aku yana riƙe yaron da labari bayan labari har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarko. Ka ga kenan kowane dare labari ɗaya ya ishe ku, idan barci ya ɗauke ta a tsakiya ba a yi asarar komai ba, gobe sai ku sake shi daga farko. Masana sun nuna cewa Imam ya ɗebo da yawa daga cikin labaran nan daga littattafan Larabawa irin su Alfu Laila da kuma tatsuniyoyin Turawa, kuma wasu suna faɗin haka kamar sun kama ɓarawo. Ni kuwa a nan nake ganin gwanintarsa, domin ya yi daidai abin da ya gagare ka a daren nan: ya ɗauki labarin wasu ya sanya masa riga da rawani, ya ba shi karin magana da habaici, har ba mai cewa baƙo ne.

Idan kun gama, sai Ruwan Bagaja, wanda shi ma nasa ne, kuma ya riga wancan fitowa. Asalinsa wata gasa ce da Baturen nan Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, inda ya zaga yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Littattafai biyar ne aka fi sani daga cikin abin da gasar ta haifar: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda yayan Imam ne, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa. Imam bai fi shekara ashirin da biyu ba a lokacin, tunda a 1911 aka haife shi, kuma ana jin ƙuruciyar a cikin littafin, musamman a wuraren da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke ta yi wa juna wayo daga wannan gari zuwa wancan. Sai dai ka riƙa leƙa shafin gaba da rana kafin dare, domin akwai ƴan wurare na shaƙiyanci da ɗan fari zai so ya tsallake.

Wanda na fi ƙauna a cikinsu duka shi ne Shaihu Umar, ko da yake ba shi da ban dariya ko kaɗan. Labarin yaro ne da aka sace a zamanin cinikin bayi aka ƙetare Sahara da shi, ya tashi a hannun wani Balarabe har ya zama babban malami, da kuma labarin uwarsa wadda ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa bauta, ba ta sake ganinsa ba sai dab da ajalinta. Hausarsa a natse take, ba ado ba gaggawa, irin ta mutumin da daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya kuma aka san shi da iya magana. Amma kada ka kai wa Inna shi yanzu, tunda makokinta bai yi nisa ba. Ka ajiye shi sai baɗi.

Game da littattafan da ake kira na kasuwar Kano, ban ba ka shawararsu ba. Na duba kaɗan a hannun ƴaƴana mata, na tarar da soyayya da sunayen motoci da kura-kuran rubutu, na mayar musu da kayansu.

Maman Biyu, daga Tibiri, ta amsa:

Baba Mushe, Allah ya ƙara girma. Duk abin da kuka faɗa a kan Imam na yarda da shi, amma ku yi mini haƙuri, a kan jimlarku ta ƙarshe ban bi ku ba. Wanda ya ɗanɗani hatsi daga buhu biyu bai isa ya yanke wa kasuwa duka hukunci ba. Gaskiya ne akwai tarkace da yawa a cikin littattafan Kano, kamar yadda akwai tarkace a cikin na Faransanci da muke saye a gefen titi, amma a cikinsu ne mata suka fara ganin ɗakinsu da kishinsu da wahalarsu a rubuce, kuma da yawa daga cikinmu a nan Maraɗi da Tibiri da su muka koyi karanta Hausa, tunda lakwal ba ta koya mana ba.

Ƙanena Ɗan Bagalam, ni Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ce gwanata, kuma littafinta da nake so ka nema shi ne Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa Alhaji Abdu, wadda ta haifa masa ƴaƴa tara tana haƙuri da ƙwauron cefane, sai ya auro wata ya kore ta da ƴaƴan. Abin da ya sa nake ganin ya dace da Inna shi ne littafin bai tsaya a kan kuka ba. Yana bin Rabi yadda ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe gidanta, ta kai ƴarta Saudatu ɗakin miji cikin mutunci, har ranar da duniya ta juya wa Alhaji baya. Na karanta wa surukata shi a cikin wani azumi, kuma sau da yawa ba na kai ƙarshen shafi sai ta tsayar da ni ta ce ai wance ce, ta kawo sunan wata maƙwabciyarsu ta dā. Ƙarshen labarin ma sai da muka kwana biyu muna gardama a kansa, domin ita tana ganin daidai ne da dangi suka matsa wa Rabi ta koma ta kula da mijin, ni kuwa har yau abin yana ci mini rai. An fassara shi da Turanci a 2012, kuma wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya ne ya buga fassarar, amma ba don haka nake yaba shi ba, mun riga su sanin darajarsa da shekara ashirin.

Akwai kuma Wa Zai Auri Jahila? nata, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu birni ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Wanda ya san cewa marubuciyar kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama zai gane dalilin da ya sa zafin littafin ya fi na sauran. Wannan ka fara karanta shi kai kaɗai, sannan ka auna ko bakinka zai iya ɗaukarsa a gaban Inna. Shi kuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda babu ɗakin ƴan mata da bai shiga ba a shekarun 1990, ka bar wa ƙannenka mata su karanta mata da rana idan ba ka nan. Na san za ta so labarin Sumayya da Muhammad, amma ba daga bakin ɗan fari ba.

Baba Mushe, in kuna son wanda ya bi ta hannun masu gyaran rubutu na Zariya, ai ga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, na 1980, wanda ake lissafa shi a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da aka buga wa mace. Shi ma soyayya ce, kuma ban ji wanda ya raina shi ba.

Ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya amsa:

Ina gaida iyayena da yayyena. Na karanta amsoshin biyu, na ƙaru, amma na lura da wani abu da ya daɗe yana damuna: duk sunan da aka ambata daga tsallaken iyaka yake, Zariya ko Kano. Ba laifi ba ne, harshe ɗaya ne, kuma mu Katsinawan Maraɗi mun fi kowa sanin cewa layin da ke tsakanin Ɗan Isa da Jibiya bai raba dangi ba. Amma marubutanmu na Nijar, har waɗanda Hausa ce harshen gidansu, galibinsu da Faransanci suka rubuta, saboda haka iyayenmu mata da labarin ya fi shafa su ne ba su taɓa jin sa ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Labarin Sarauniyar Aznan Lugu ne, can wajen Dogon Dutsi, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, a lokacin da rundunar take ƙone garuruwa tana nufar tafkin Chadi. Med Hondo ya mayar da littafin fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1987. Wannan labari ne da ya faru a ƙasar Hausawa, aka rubuta shi da harshen waɗanda suka kawo yaƙin. Haka ma Abboki na Mahamadou Halilou Sabbo, a kan ƴan cirani masu barin ƙauye su nufi bakin teku, wanda kowace tsohuwa a ƙasar nan tana da ɗa ko ƙane da ya bi wannan hanya.

Shawarata, Yaya, ita ce kada ka jefar da fassara gaba ɗaya, ka dai canza yadda kake yin ta. Kuskuren daren nan shi ne bin jimla da jimla. Ka karanta babi guda da rana, ka rufe littafin, da dare ka ba ta shi da bakinka kamar yadda za ka ba abokanka labari a fada ana shan shayi. Na gwada haka da kakata da wani littafi da ba ma ƙagagge ba ne, wato Les Alhazai de Maradi na Emmanuel Grégoire, na 1986, wanda ya bi yadda attajiran garin nan suka tashi daga cinikin gyaɗa suka koma fataucin kaya zuwa Nijeriya. Da na zo kan ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta sa aka tashi daga tsohon gari a kwari aka hau tudu, sai ta karɓe labarin daga hannuna, ta shiga faɗa mini abin da ta ji daga iyayenta, har da inda gidansu yake kafin ruwan ya ci shi. Daren nan ban sake buɗe baki ba.

Ƙaramin gargaɗi a kan rubutu: a littattafan Nijeriya za ka ga ana rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama, mu kuma a ƙa'idar Nijar da y mai lanƙwasa muke rubuta ƴaƴa. Babu kuma alamar karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka wanda ya saba da Faransanci yakan yi tuntuɓe a satin farko, sai ma'anar jimla ta nuna masa ko fari ne na launi ko fari na rashin ruwa ko fari jam'in fara mai cin amfanin gona ake nufi.

Tsohon Mushe ya sake amsawa:

Ƴata Maman Biyu, na karɓi gyara a kan Hajiya Balaraba, tunda ban karanta ta ba, kuma zan aiki jikana ya nemo mini. Sauran dai ina nan a kan bakana har sai an kawo mini hujja.

Na dawo ne saboda na manta da waƙa, alhali ita ce ta fi komai dacewa da kunne. Ɗana, ka nemi Imfiraji na Malam Aliyu Namangi, makahon malamin nan na ƙasar Zazzau. Ina kyautata zaton Innarka ta san baitoci da yawa daga ciki ba tare da ta san sunan mai su ba, domin almajirai da makafi masu bara sun daɗe suna rera su a ƙofofin gidajenmu. Kada ka karanta su kamar jarida, ka bari ita ta ba ka karin, kai ka riƙa ba ta kalmomin. Ni kaina Aƙilu Aliyu na fi so saboda yadda yake wasa da harshe a Fasaha Aƙiliya, da kuma Sa'adu Zungur idan ina son magana mai kaifi a kan mulki, amma waɗannan na zaman maza ne masu son gardama, ba na ɗakin tsohuwa bayan isha'i ba.

Mai Shagon Atamfa, Babbar Kasuwa, ya amsa:

Sallama ga kowa. Ni ba malami ba ne, amma ina yawan zuwa Kano sarin kaya ta hanyar Katsina, kuma karatu a mota ne ya sa na san ƴan littattafai. Abin da zan ƙara shi ne maganar inda ake samu, domin an ba ka sunaye da yawa ba a gaya maka ƙofa ba. Tsofaffin littattafan nan na Zariya, su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ne ya daɗe yana buga su, kuma tunda ana karanta su a makarantun Nijeriya ba su cika yankewa a wurin masu sayar da littattafai na Kano da Katsina ba. Ka dai buɗe ka duba kafin ka biya, domin akwai bugun da tawadarsa ta dushe ko aka tsallake shafi, kuma mai karatu da fitila da dare shi ya fi shan wahalar wannan. Na kasuwar Kano kuwa sun fi wuyar samu yanzu, saboda marubutan da masu karatun duk sun koma waya, kuma yawancinsu kashi-kashi ne, na ɗaya da na biyu da na uku, saboda haka kada ka karɓi na ɗaya sai ka ga sauran a hannunka.

Nawa gwanin shi ne Sulaiman Ibrahim Katsina, musamman Turmin Danya na 1982, wanda yake magana a kan fasa-ƙwauri da cin hanci da attajirin da kuɗinsa ya saye masa kowa. Duk wanda ya taɓa tsayawa da kaya a kan iyaka zai karanta shi yana murmushi, ko da yake ban ce Inna za ta damu da shi ba. Idan kana so, sati mai zuwa ina da tafiya, zan iya riƙo maka na Imam guda ukun, ka biya ni abin da na biya.

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba Mushe, ban jira sati mai zuwa ba, domin wani maƙwabcinmu da ya yi karatu a Katsina ya ara mini littafi na farko na Magana Jari Ce, bangonsa ya cire amma cikinsa lafiya lau. Mun yi dare uku da shi. A daren farko na yi ta tuntuɓe kamar yadda ƙanena ɗalibi ya faɗa, har Inna ta gyara mini kalma huɗu ko biyar, ita da ba ta san ko harafi ɗaya ba, ta ce haka ake faɗi, ba yadda na ja shi ba. A dare na biyu matar ƙanena da yara suka shigo suka zauna a bakin ƙofa. Jiya kuwa da na rufe littafin, sai ta ce wazirin nan tun farko ba ta yarda da shi ba, kuma aku ya fi mutanen fadar duka hankali, sannan ta tambaye ni ko mai littafin yana da rai. Da na ce ya rasu tun 1981, ta yi masa addu'a.

Alhaji mai shago, na karɓi tayinka, amma na biyu da na uku kawai za ka riƙo mini, tare da Alhaki Kuykuyo Ne idan ka same shi cikakke. Yaya Maman Biyu, ina da tambaya kafin ya iso: a wane wuri ne Alhaji Abdu ya kawo amaryar, kuma akwai abin da ya kamata in tsallake a wajen, ko zan iya karanta shi duka yadda yake?